Kayen da Aka Yanke

A Yamai ta zamanin soja, babu wanda ya kai mutumin da gwamnatin baya ta zalunta zama lafiya. Ba a tambayarsa abin da ya iya, ba a duba ƙarfe nawa ya shigo biro, wato ofis. Issoufou yana cikin irin waɗannan. A shekarar da kogin Isa ya janye har yara suna buga ƙwallo a ƙarƙashin gada, shi kaɗai ne a layinsu na Wadata ya kai wa tela wando a ƙara masa faɗi.

Fim ɗaya tak ya taɓa yi, tun ƙasa tana sabuwar 'yanci, shi kuma yana saurayi da kamarar aro. Ya sa masa suna Bayan Kaka. A ƙauyensu ya ɗauke shi, Tudun Aduwa, can cikin Adar, da 'yan uwa da surukai da jakunan maƙwabta. Labarin ba wuya: saurayi ya dawo daga birni, ya ƙalubalanci zakaran kokowar garin, ya kayar da shi. Amma abin da ya ɗaukaka fim ɗin shi ne abin da babu a cikinsa. Za ka ga 'yan kokowar sun kama juna, ganga ta ɗau zafi, ƙafar saurayin ta nufi ta ƙaton, sai kwatsam ƙura, sai fuskar wata tsohuwa ta riƙe baki. Kayen kansa ba a ganinsa.

Turawa suka ce wannan ita ce hikimar Afirka, wadda ba ta nuna wa ido abin da zuciya ta riga ta sani. Ɗaliban jami'a da ke Lamorde, hayin kogi, suka ce ƙarya ne, gwamnatin farar hula ce ta sa almakashi, don ba ta son talaka ya saba da ganin babba a ƙasa. Akwai masu ilimin da suka riƙe maganganun biyu a kai ɗaya, kuma kan bai yi musu ciwo ba. In an tambayi Issoufou, ba ya cewa e, ba ya cewa a'a. Sai ya dubi nesa, ya yi ajiyar zuciya. Ajiyar zuciyar nan ce ta kai shi har kujerar mataimakin darakta a biron raya al'adu.

Abin da ya faru kuwa ba haka ba ne. Ƙaton cikin fim, Tanimu ne, mijin yayarsa Rabi, ɗan kokowar da tun daga Tawa har Kwanni ba a taɓa ganin bayansa a ƙasa ba. Saurayin kuwa wani Abdou ne, akawun kanti mai kyan fuska, wanda ko ragon layya sai an kayar masa. Issoufou ya daɗe yana roƙon mijin yayarsa.

"Wasa ne, Yaya Tanimu. Kowa zai gane wasa ne."

"Ɗan lekwal, in ba don tuwon yayarka ba, da na ɗaga ka kai da akwatinka na aza kan rumbu," in ji Tanimu, yana yi masa gorin makarantar boko. Amma ya yarda.

Fim ɗin bai taɓa zuwa Tudun Aduwa ba. Labarinsa ne ya zo, a bakin direbobi da fatake. "Mun gan ka a Yamai, wani akawu yana kayar da kai kullum bayan isha'i, ran Asabar har sau biyu." Makaɗan garuruwan da ya daɗe yana kunyatawa suka sa abin a waƙa. Tanimu ya rataye walkinsa da layunsa, bai sake shiga fage ba. Da farin farko ya zo ya kwashe masa shanu, ciwo ya biyo baya, Issoufou ya je duba shi. Mutumin ya zama ƙashi da fata, amma da ya kama wuyan hannun Issoufou sai da yatsu suka mutu.

"Ka ɗauke mini bayana daga ƙasa," ya ce.

Issoufou ya rantse, a gaban Rabi, cewa ido ba zai sake ganin kayen nan ba. Ya koma Yamai, ya bi duk kwafin da ke ƙasar ya yanke wurin, ya ƙone. Ba a jima ba soja suka karɓi mulki, aka shiga ɗora wa waɗanda suka tafi alhakin duk abin da ya ɓace a ƙasa: hatsin taimako, motocin gwamnati, da kayen Tanimu. Abu ɗaya Issoufou ya manta, ko ya ga damar mantawa: uwar fim ɗin, wadda daga gare ta ake buga kwafi, tana can Faransa a gidan da aka wanke ta.

Ranar da aka kira shi wurin Kapiten Moussa, hafsan da aka ɗora a kan biron nasu, ya tarar da gwangwanaye masu faɗi kamar faifai a kan tebur. Kusa da su wani siririn mutum ne tsaye da tabarau, yana rawar jiki don murna. Hamisu ke nan, malamin jami'a ɗan Damagaram, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana rubutu a kan abin da aka cire daga Bayan Kaka.

"Metir!" in ji Hamisu. Haka yake kiran Issoufou, yadda ya ji ana kiran manyan masu fasaha a Faransa. "Na samo ta. Cikin wani ɗakin ƙasa, ƙarƙashin fina-finan tallar sabulu. An buga mana sabon kwafi, cikakke. Babu muryar baturen nan da aka liƙa daga baya yana yi mana bayanin gero, babu tutar da aka ɗinka a farko. Kuma kayen yana nan, Metir. Na gan shi da idona, a ɗan gilashin da bai fi tafin hannu ba. Na yi kuka."

Issoufou ya ji shi ma kukan yana zuwa.

"Mushe Issoufou, zauna," in ji Kapiten. Mushe shi ne Malam a bakin Faransawa. "An cuce ka, mun sani. Yau Allah ya kawo ranarka. Za mu nuna shi a filin bakin kogi, a Gaweye, gaban jakadu da masu kawo mana taimako, su ga irin abin da ɓarayin can suka ɓoye wa jama'a. Kuma na yi wani tunani." Ya dakata don a yaba wa tunanin tun kafin a ji shi. "Mutanenku na Adar da ke zaune bayan gari, za mu aika kamyo, manyan motocinmu na kaya, a kwaso su. Su ga garinsu."

Mutanen da yake nufi su ne waɗanda farin bana ya koro, suna kwana ƙarƙashin buhuna da kwalaye. A rediyo ba a cewa yunwa ce ta kawo su, giɓin cimaka ake cewa, kamar haƙori ɗaya ne ya faɗi.

"Ranka ya daɗe," in ji Issoufou, "mutane sun saba da fim ɗin yadda yake. Turawa ma sun fi son..."

"Turawa sun so abubuwa da yawa a ƙasar nan."

"Ko a ba ni shi in duba tukuna? Wani wurin yana iya buƙatar gyara."

Hamisu ya rungume gwangwanayen kamar an ce za a yi wa 'ya'yansa kaciya da lauje. "Gyara? Metir, gyara ne ya kashe shi!"

"Ba mai taɓa ko ƙwaya," in ji Kapiten. "Ni kaina ba zan kalla ba sai ranar. Ƙwan fitilar injin nuna fim ɗaya ya rage mana, wanda muka yi oda yana kan hanya tun bara. Tawali'u yana da kyau, Mushe, amma wannan oda ce."

Aka kulle gwangwanayen a kabad, aka sa soja a ƙofa. Tun da aka kafa biron ba a taɓa gadin wani abu na al'ada haka ba.

Rabi tana gidansa tun da rijiyar Tudun Aduwa ta koma rami. Ya same ta a tsakar gida da faifai a cinya, tana tsince ƙwari daga jar dawar taimako. Ita kaɗai ta rage mai kiransa da sunan yadda uwarsu take faɗinsa.

"Isuhu. Na ji rediyo na kiran sunan garinmu. Na ce ko hatsi za a kai, ashe kai ne."

"Yaya, ba ni ba ne. Wani malamin jami'a ne ya je ya tono."

"Mi ya tono?"

"Duka."

Hannunta ya tsaya a cikin dawar. "Har da baban Ladi?" Ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba yana da rai, ba ta ga dalilin farawa don ya mutu ba.

"Har da shi."

"Ka ce mini ka ƙone."

"Na ƙone na nan. Uwar tana Faransa."

"Wato ka sare reshe ka bar saiwa, ka zo ka ce mini ka yi sassabe. Kai da aka kai lekwal."

"Oda ce daga sama, Yaya."

"Na gane. Wanda ka riƙe wa hannu ka rantse yana ƙasa, shi ya sa tasa odar ba ta da nauyi."

Issoufou ya zauna a kan turmi, kujerar da bai zauna a kai ba tun yana yaro. Ya ce mata ta yi zamanta a gida ranar, ba dole. Ta ce in za a kayar da mutum a gaban Yamai duka, ba za a kayar da shi babu nasa a wurin ba. Ya ce to ta kwantar da hankalinta, ba za a gani ba, ya san yadda zai yi. Rabi ta dube shi irin kallon da ake yi wa hadarin da ya saba haɗuwa ya watse, ta ci gaba da tsintar ƙwarinta.

Dabarar tasa ba ta da zurfi, amma dabara ce. Zai ce shi mai fim dole ya tsaya kusa da injin ya kula da haske. In an zo wurin, sai ya kifa hularsa a kan idon injin, ya ƙirga numfashi kaɗan, ya ɗauke. Daga baya ya ce jiri ne ya kwashe shi. Abin da zai biyo baya ya sani: a ƙarami a mayar da shi wani gari mai nisa ya riƙa ƙirga raƙuma, a babba kuwa ba a faɗi. Kwanakin da suka rage ya yi su yana gwada kifa hula a kan buta.

Ranar ta zo. Aka kafa farin ƙyalle tsakanin sanduna biyu, bayansa kogin da ya koma yashi da 'yan kududdufai. Gaba kujeru ne na jakadu da matansu da manyan ma'aikata. Bayansu ɗaliban Lamorde, waɗanda suka ƙetaro da ƙafa ta cikin kogin don gada ta yi musu zagaye. Can baya, a ƙasa, mutanen Adar, waɗanda da suka ga kamyon soja suka ɗauka rabon hatsi ne, kowa ya zo da ƙwaryarsa. Rabi ta ƙi kujerar da aka ajiye wa iyalin mai fim, ta je ta zauna cikinsu.

Bayan magariba Kapiten ya yi jawabi. Ya ce kayen da za a gani yau ba kayen mutum ɗaya ba ne. Faɗuwar tsohon zalunci ne a hannun sabon jini, shi ya sa waɗanda suka san kansu suka ɓoye shi. Ya ce gaskiya kamar ciki take, ba a rufe ta da tafin hannu. Aka tafa. Issoufou yana tsaye kusa da mai injin da hula a hannu.

Haske ya faɗa kan ƙyalle, Tudun Aduwa ta fito. Fim ɗin baƙi da fari ne, amma mutanen baya sun ga kore. Ga gero ya fi mahayin raƙumi tsawo, ga dammuna an jera, ga rumbuna ana danna musu hatsi da ƙafa. Sai gunaguni ya tashi. "Gonar Sani ce waccan." "Ga bijimin nan mai karyayyen ƙaho." "Hawwa ce ke daka, Allah ya jiƙanta." "Allah ya jiƙansa." "Allah ya jiƙansu." Duk fuskar da ta gitta sai addu'a ta bi ta, har matar wani jakada ta tambayi na kusa da ita wace waƙa ce suke yi mai daɗi haka. Kapiten ya ɗan muskuta a kujera. Sai yanzu ya lura cewa rumbunan nan a zamanin ɓarayi suka cika.

Sannan Tanimu ya shigo fage.

Issoufou ya manta girmansa. Kafaɗu kamar ƙofar zaure, layu sun cika damtse, yana tafe yana rangaji, makaɗa na binsa a baya. Abdou akawu ya fito ta ɗaya gefen, an shafe shi da mai don ya yi kama da mai ƙarfi. Suka zagaya juna. Suka kama. Issoufou ya ɗaga hula, ya matso da ita har ya ji zafin ƙwan a yatsunsa.

A nan ne wani abu ya same shi wanda bai gwada a kan buta ba. Ya tuna ranar. Ya tuna yadda ya kwanta rub da ciki a cikin ƙura, kamara a haɓa, rana tana bayan 'yan kokowar daidai inda yake so. Tun da ya ƙone wurin nan bai daina ganinsa a zuci ba, kuma kowace shekara ƙara kyau yake. Ajiyar zuciyar da ya ci abinci da ita, rabinta ta gaskiya ce: ya yi imani wannan ne abu mafi kyau da hannunsa ya taɓa yi. Ya ce a ransa bari ya ga farkonsa kawai, ƙiftawa ɗaya, sannan ya rufe.

Ƙiftawa ɗaya kuwa ita ce tsawon kayen. Tanimu yana ƙasa, akawu a kansa, hula tana hannun Issoufou.

Fili ya yi tsit, sai ƙarar injin. Issoufou bai iya duban inda Rabi take ba. Kapiten ya ɗaga hannuwa zai fara tafi.

"Kai!" Muryar wani tsoho ce daga baya, cikin mutanen Adar. "Wanga ba kaye ba ne!"

"Kaye ne mana, baba," wani mai kwat ya amsa daga kujeru. "Baya ya taɓa ƙasa."

"Wa ya kai shi ƙasar? Kai ka ga an taɗe shi?"

"An sa masa ƙafa!"

"Ƙafar wa? Waccan tsinken?"

Ya kamata a sani, tun da soja suka mai da kokowa wasan ƙasa, da takobin da ake ba zakara da nunawa a tele, wato talabijin, da komai, babu ma'aikaci ko direba a Yamai da bai zama alƙalin wasa ba. Kafin a ce haka fili ya rabu biyu. Fim yana ta tafiya abinsa, ba mai kallo. Kapiten Moussa kuwa mutum ne da bai taɓa rasa gasar takobi ba, ya taɓa tsare wani saje kwana biyu a kan gardamar gwiwa. Ya manta da jakadu, ya manta da jawabinsa, ya miƙe tsaye.

"A mayar da shi baya! Mu gani!"

Mai injin ya murɗa wani abu, hotuna suka juya da baya. Ƙura ta koma ƙasa. Akawu ya tashi sama. Sai ga Tanimu yana ɗagowa daga kwance, ba dafa ƙasa, ba taimakon kowa, ya miƙe ƙyam a kan ƙafafunsa. Wata mata a baya ta rangaɗa guɗa, sauran suka kama.

"Yanzu gaba," in ji Kapiten. "A hankali."

A hankali kuwa aka gani. Ƙafar Abdou da aka ce ta yi taɗiya, tsakaninta da ta Tanimu akuya za ta wuce. Tanimu ne ya kama akawun ta ƙugu ya ɗaga shi cak. Ya waiwaya bayansa, ya zaɓi wurin da babu tsakuwa. Ya lanƙwasa gwiwa, ya kwanta a natse kamar mai shirin ƙailula, ya aza akawun a ƙirjinsa, har da tallafe masa ƙeya kada ya bugu. Sannan ya juyo da fuska wajen kamara, bakinsa ya motsa. Ba a ji muryar ba, don a Faransa an rufe wurin da kiɗa, amma ba wanda bai karanta leɓen ba.

"Ya yi haka?" tsohon nan ya faɗi abin da leɓen ya ce da ƙarfi.

Dariyar da ta tashi, an ce har a Lamorde an ji. Mutanen da suka yi watanni ba su yi dariya ba suka riƙe cikin da babu komai a ciki suna birgima. Za a ce yaya aka yi 'yan kallon farko ba su lura ba? 'Yan sinimar Yamai na wancan zamani akawuna ne, sun sayi tikiti don su ga akawu ya kayar da ƙato, kuma mutum yakan ga abin da ya je gani.

Wani ya jawo gwangwanin man taimako ya fara kaɗawa, wani tsohon maroƙi ya miƙe da muryar da ta dushe: "Tanimu dutsen Adar, sai dai a kewaye ka! Na Rabi, ƙasa ba ta san bayanka ba sai da ka ba ta aro!" Aka ce a sake. Aka sake. Tanimu ya tashi, ya kwanta, ya tambaya ko ya yi. Aka ce a ƙara.

Kapiten yana cikin dariya har da dukan cinya, sai ya ji wani ɗalibi a bayansa yana ce wa ɗan uwansa, ba da ƙarfi sosai ba, "Ka ji fa. Tsohon ne ya kwanta da kansa, ya ɗora sabon a ƙirji." Ya daina dariya. Ya tuna abin da ya ce kayen yake nufi, a gaban jakadu, da lasifika. Ya ɗaga hannu, aka kashe injin, aka ce taro ya tashi saboda dalilan fasaha.

Ya sa aka kira masa Issoufou bayan mota.

"Mushe, ashe mutanen can da suka yanke wurin nan ba duka aikinsu ne ɓarna ba."

"Ranka ya daɗe."

"An shirya za a kai shi Maraɗi da Damagaram da Tawa. Kafin nan ka mayar da shi yadda yake. Ƙura, tsohuwa, shi ke nan. Da hannunka, kai ka san wurin. Gobe da safe ka zo biro ka ba ni kalmarka."

Issoufou yana juyowa ya yi karo da Hamisu. Issoufou ya ɗauka zai same shi a rushe, amma idon malamin har ya fi ɗazu ƙyalli.

"Metir, sai yau na gane ka. Da gangan ka yi! Ka sa ɗan wasa ya dubi kamara don ka tona asirin sinima kanta, ka ce wa mai kallo kada ya yarda da abin da ake nuna masa. Tun a wancan lokacin! Dole in sake rubutuna daga farko."

Issoufou ya dubi nesa, ya ja numfashi zai yi abin da ya saba. Sai wani direban taksi da ke wucewa ya gane shi, ya karkata kai gefe, ya ce, "Mushe, ya yi haka?" Mutanen wurin suka sake fashewa. Ya saki numfashin ta hanci, a hankali.

Ya sami Rabi zaune inda ya bar ta, kamyon soja sun fara kwashe mutane, kowa da ƙwaryarsa yadda ya zo da ita. Ya tsayar da taksi, suka shiga baya. Ta zuba wa hanya ido har suka bar Gaweye. Shi kuma yana ta jera kalmomin ban haƙuri yana rushewa, don duk wadda ya ɗauko sai ya ga hular nan a hannunsa.

"Yaya," ya fara.

"Na manta wuyansa," ta ce, tana kallon taga. "Wanda nake tunawa na kwance ne, na ƙarshe. Ashe haka yake da wuya."

Ya murza hular da ke hannunsa.

"Ka ga yadda ya riƙe kan yaron mutane? Haka yake ɗaukar Ladi." Ta goge hanci da bakin mayafi. Da ta juyo, muryarta ta koma irin ta tsakar gida. "Isuhu, ashe ba ka iya ba."

"Yaya?"

"Aikin naka. Ashe ba ka iya ba. Mu muna can muna jin kunyar duniya, mun ce ɗan lekwal ya yi sihirin da ya mai da ƙarya gaskiya. Ashe ko makaho ya shafa ƙyallen nan ya san kwanciya ce. Bawan Allah ya bar fage, ya bar kasuwa, ya tahi da baƙin cikin abin da bai taɓa gani ba. Da ka ɗauko injin nan ka kawo garinmu sau ɗaya, da shi zai fi kowa dariya, da safe ya ɗaura walkinsa."

Wannan bai taɓa zuwa masa a rai ba. Ya yi tunanin almakashi, ya yi tunanin wuta, ya yi tunanin hula. Direba ya rage rediyo don ya ji da kyau.

Sun kusa Wadata ta sake magana.

"Yaushe za a kai shi Tawa? Ina son 'yan Kwanni su zo, masu waƙa. In an sa rana ka gaya mini, ko a bayan kamyo ni zan tahi."

"Kapiten ya ce in yanke wurin, Yaya. Ya ce gobe in je in ba shi kalmata."

Rabi ta gyara zaman mayafinta, ta ɗan yi tunani.

"To ka je ka ba shi mana," ta ce. "Ka riƙe masa hannu ma, ka rantse."